Yadda ake zuwa Granada ta Sifaniya a lokacin sanyi, tun daga biza har ƙofar Alhambra

Jama'a in dai maganar ɗan gajeren hutu ne a Turai tsakanin Disamba da Fabrairu, irin na kwana uku ko huɗu, ni Granada nake tura mutane, wato Garnaɗa ɗin nan ta littattafan tarihin Andalus, can kudancin Sifaniya. Da zafi garin ba ya shiguwa, ga rana ga cunkoson 'yan yawon buɗe ido ga tsadar otal. Da sanyi kuwa farashi ya sauka, layi ya ragu, duwatsun Sierra Nevada sun yi fari fat da ƙanƙara a bayan fadar Alhambra. Sai dai ka riƙe abu ɗaya tun yanzu, tafiyar nan kaf ɗinta a jikin tikiti ɗaya take rataye, tikitin shiga fadojin Nasiriyawa da ke cikin Alhambra, wato fadojin sarakunan Musulmi na ƙarshe da suka mulki garin, mai ɗauke da rana da sa'a da sunanka. Duk sauran shiri a gefensa ake jera shi.

Fara da zaɓen rana. Alhambra a rufe take ranar 25 ga Disamba da 1 ga Janairu, kada ka sa su a lissafi. Ranakun 6 da 8 ga Disamba hutu ne a Sifaniya, mutanensu kan haɗe su su yi dogon hutu, to otal zai yi tsada tikiti ya ƙare. Haka ma makon Kirsimeti har zuwa 6 ga Janairu. Lokacin da ya fi daɗi shi ne daga 7 ga Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu, kowa ya koma aiki, kuma a nan ne shaguna ke fara babban rangwamen kaya na sanyi. Idan kuma da yara za ka je kana son su ga biki, yammacin 5 ga Janairu ana jerin gwano a titi ana watsa wa yara alewa, amma fa ka shirya wa turmutsutsu.

Da ka tsayar da rana sai biza, kuma kada ka yi mata sanyin jiki. Bizar Shengen ce ta gajeren zama, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai da yawa, tunda Sifaniya za ka zauna to ita za ka nema, kada wani ejan ya ce maka ka nemi ta wata ƙasar don wai ta fi sauƙi, a bakin boda za su iya tsare ka da tambaya. A Najeriya kamfanin BLS ne ke karɓar takardu a Abuja da Legas, mutanen Nijar kuma akwai ofishin jakadancin Sifaniya a Yamai. Kuɗin biza ga babba yuro 90 ne, ban da kuɗin masu karɓar takardu. Abin da za ka haɗa: fasfo da zai kai aƙalla wata uku bayan ranar da za ka fito daga Turai, da shafi biyu da ba a buga komai ba, inshorar lafiya ta tafiya da ta kai yuro 30,000, bukin ɗin jirgi zuwa da dawowa, bukin ɗin otal, sitatimen na banki, da takardar wurin aiki ko ta rajistar kasuwancinka. Ana iya nema tun saura wata shida, a ƙa'ida kwana 15 ake dubawa amma yana iya kai wa 45, ga wahalar samun ranar ganawa, saboda haka mai son Janairu ya fara tun Satumba ko Oktoba. Shawara kyauta, kada ka ranto kuɗi ka zuba a akawun ana saura sati ɗaya, masu duba takardun nan sun ga irinsa ya fi a ƙirga. Akawun da ake shige da fice a cikinsa wata da watanni ya fi wanda ya kumbura dare ɗaya.

Yanzu tikitin Alhambra. Ni a ganina ka saye shi tun kafin biza ta fito, don kuɗinsa wajen yuro 20 ne da 'yan kai, in ma ba a dace ba asarar kaɗan ce, kuma za ka iya sa shi cikin takardun biza ya nuna da gaske yawon za ka. Shiga shafin hukumar da ke kula da wurin, Patronato de la Alhambra y Generalife, ba shafukan 'yan kamasho da ke fara fitowa a Google ba, waɗanda za su ninka maka kuɗi. Zaɓi wanda aka rubuta Alhambra General, shi ne ya haɗa fadojin Nasiriyawa da ganuwar Alcazaba da lambun Generalife. Akwai mai rahusa na lambu kawai, ba fadoji a cikinsa, mutane da yawa suna faɗawa nan. Za a tambaye ka lambar fasfo, rubuta ta daidai, don ranar shiga da fasfon ake tantancewa, ainihin fasfon ba hoto a waya ba. Yara 'yan ƙasa da shekara 12 kyauta ne amma su ma sai an cire masu tikiti. Sa'ar da ke jikin tikitin ta shiga fadoji ce kawai, in ka makara shi ke nan, ba roƙo ba Allah ya huci zuciyarka. Da sanyi wurin na buɗewa 8:30 na safe a rufe 6 na yamma. Kada ka zaɓi farkon safiya, a Janairu rana ba ta fitowa sai kusan takwas da rabi, kuma ɗakunan nan na marmara da ruwa an gina su ne don maganin zafi, da sassafe kamar cikin firji suke. Tsakanin 11 da 1 ya fi.

Jirgi kuma, Granada na da ƙaramin filin jirgi amma yawanci ta Malaga ko Madrid ake shigowa. Royal Air Maroc ta Kasabalanka da Turkish Airlines ta Istanbul duk suna sauka Malaga, EgyptAir kuma ta Alƙahira zuwa Madrid. Daga Malaga bas ɗin ALSA zai kai ka cikin sa'a biyu ko ƙasa da haka, wasu ma daga filin jirgin suke tashi. Daga Madrid jirgin ƙasa mai gudu na Renfe, sa'a uku da 'yan kai. Sayi tikitinsa da wuri a intanet, ranar tafiya tsada yake. A boda yanzu ana ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu, ka riƙe bukin ɗin otal da tikitin komawa a takarda a hannunka. Wani abin daɗi, da sanyi agogonsu daidai yake da na Najeriya da Nijar, ba sai ka juya komai ba.

Masauki nan ne hoto ke yaudarar mutane. Unguwar Albaicín, tsohuwar unguwar Musulmi da ke kan tudu tana kallon Alhambra, ta fi ko'ina kyau, amma lungunanta hawa ne da matattakala da daɓen ƙananan duwatsu, tasi ba ta kaiwa ƙofar gidaje da yawa, ka ga jan akwati mai taya a nan da daddare cikin sanyi ba wasa ba ne. In da dattijo ko mai ciwon gwiwa a tafiyar, ku sauka ƙasa, wajen Plaza Nueva ko Gran Vía ko kusa da babban coci, komai da ƙafa ne daga nan. Kafin ka biya ka tabbatar ɗakin na da hita, kalmar da za ka nema ita ce calefacción, don tsofaffin gidajen kudancin Sifaniya da yawa sanyin cikinsu ya fi na waje damun mutum.

Kaya. Kada sunan kudu ya ruɗe ka, garin yana kan tudu wajen mita 700 daga teku, a gindin duwatsu. Da rana digiri 12 ko 13, in rana ta fito har ka ji daɗi ka cire jaket, da asuba kuwa 1 ko 2, wani lokacin ƙasa da sifiri. Dabarar ita ce hawa hawa: riga mai kama jiki a ciki, suwaita, sannan jaket mai kauri, da dogon wando na ciki. Hular sanyi, safar hannu, mayafin wuya, safa mai kauri. Mata abaya na hawa kan duk wannan lafiya lau, sai dai a kula da mai jan ƙasa saboda matattakala da jiƙaƙƙen dutse. Takalmi kambas mai kama ƙasa, ba sabo fil da zai ci maka ƙafa ba. Sa basilin ko man kaɗe a jaka, iskar busasshiya ce. Ƙaramar lema. Soket ɗinsu mai baki biyu zagayayye ne, mutanen Najeriya da Gana ku sayi adafta, na Nijar cajarku za ta shiga. Sai ƙaramar buta ko gorar roba, don ba kowane bayi ke da ruwan tsarki ba. Kada ka sako kilishi ko dambun nama, an hana shiga da nama Tarayyar Turai, ƙwacewa za su yi.

Ranar farko kada ka hau Alhambra, bari jiki ya saba, yi ƙasan gari. Fara da Corral del Carbón, masaukin fatake ne na ƙarni na 14, tsakar gida da wurin ruwa a tsakiya da ɗakuna hawa hawa kewaye, ƙofarsa kaɗai ta isa kallo. Tsallaka titi ka shiga Alcaicería, tsohuwar kasuwar siliki, gobara ta cinye ta a 1843 aka sake ginawa, yanzu tsarabar 'yan yawo ce kawai, leƙa ka wuce. A nan kusa Madraza take, makarantar da Sarki Yusuf na ɗaya ya kafa a 1349, ɗakin sallarta da mihrabinsa na nan da adonsa, kuma daura da ita Capilla Real inda aka binne Ferdinand da Isabella, waɗanda suka karɓi garin ranar 2 ga Janairu 1492 daga hannun sarki na ƙarshe Muhammad na 12 da Turawa ke kira Boabdil. 'Yan taku ne tsakanin gine-ginen biyu. A wajen cocin nan za ka ga mata riƙe da reshen wani ganye mai ƙamshi suna miƙo maka kamar kyauta, da ka karɓa sai a kama hannunka a ce za a duba maka a nemi kuɗi. Hannu a aljihu, no gracias, wuce abinka. Jakarka kuma a gaba. Ka huta a dandalin Bib-Rambla, inda aka ƙona tarin littattafan Larabci wajen 1500, yanzu wurin shan cakulan mai zafi ne da churros, wani soyayyen ƙulli dogo da ake tsomawa ciki.

Da la'asar bi titin Carrera del Darro gefen rafi, ka leƙa El Bañuelo, gidan wanka na ƙarni na 11 mai ƙananan tagogin rufi masu siffar taurari. Daga nan ka hau Albaicín, ko da ƙafa ko ƙaramin jan bas mai lamba C31 daga Plaza Nueva. Kowa dandalin Mirador de San Nicolás yake nufa don kallon faɗuwar rana, wurin kan cika da masu kiɗa da masu hoto. A jikinsa babban masallacin Granada yake, wanda aka buɗe a 2003, lambunsa na kallon Alhambra daga wuri kusan ɗaya ba tare da hayaniyar ba. A Disamba da farkon Janairu ka isa wajen biyar da rabi, rana na faɗuwa kusan shida, a Fabrairu kuwa sai kusan bakwai, bangon fadar ya yi ja, ƙanƙarar bayansa ta yi ruwan hoda, a kira magariba ka shiga ka yi. Da rana ta faɗi sanyi ke saukowa lokaci ɗaya, jaket ya kasance a hannu.

Ranar Alhambra ka ware mata sa'a huɗu aƙalla. Hawa da ƙafa ta Cuesta de Gomérez daga Plaza Nueva kamar minti 20 ne cikin itatuwa, da tudu sosai, in ba za ka iya ba hau bas C30 ko C32. Mai tikiti a hannu zai iya shiga ta ƙofar Puerta de la Justicia ta 1348, ɗaga kai za ka ga hoton tafin hannu a saman bakanta, kuma ta fi kusa da fadojin. Babbar jakar goyo da keken tura jariri ba sa shiga fadoji, akwai wurin ajiya. In da sauran lokaci fara da Alcazaba, ɓangare mafi tsufa, daga zamanin Muhammad ibn al-Ahmar da ya fara aikin a 1238, hau hasumiyar Torre de la Vela ka ga gari duka a ƙasanka. Saura minti 15 ka kasance a layin fadoji, fasfo a hannu.

A ciki don Allah ka sauke waya na ɗan lokaci. Abin da yawancin 'yan yawo ke gani a matsayin ado, wanda ya yi makarantar allo karanta shi zai yi. Jimlar da ta fi yawa a bango ita ce wa la galiba illallah, taken gidan sarautar, ta maimaitu a filasta da tayil ba adadi. A tsakar gidan Comares doguwar tafkin ruwa ce, in ba iska hasumiyar ta fito a cikinta ƙarara, kuma da sanyi ne za ka iya samun ta ba kawunan mutane a gabanka. Shiga zauren jakadu ka ɗaga kai, rufin katako ne da aka harhaɗa da guntaye sama da 8,000 yana misalta sammai bakwai, a ƙarƙashinsa kuma an zagaye da Suratul Mulk, tsaya ka bi ta da ido daga Tabaraka. Sai tsakar gidan zakuna ta Muhammad na biyar, zakuna 12 na marmara ɗauke da kwanon ruwa, ginshiƙai 124 sirara, da magudanan ruwa huɗu da ke shiga ɗakuna. Baitocin da ke bakin kwanon na wazirin fada ne Ibn Zamrak. Hanyar ciki gaba kawai take, in ka wuce ɗaki ba komowa, kada ka bi ayarin masu ɗan jagora da sauri, ja gefe su wuce. Kuma ba a taɓa bango, masu gadi na kallo.

Fadar Sarki Charles na biyar da aka fara a 1527 a tsakiyar wurin, ni ba ta burge ni, amma akwai gidan tarihin Alhambra a ƙasanta, ga ɗumi. Generalife kuma gaskiya da sanyi ba furanni sosai, amma je don ruwan, tun zamanin Nasiriyawa aka janyo shi ta magudana daga kogin Darro, kuma akwai matattakalar da ruwa ke gangarowa ta kan bangon da ake dafawa.

Garin nan ba bare ba ne a tarihinmu. Abu Ishaƙ al-Sahili da ya haɗu da Mansa Musa a hajjin 1324 ya biyo shi Mali har ya rasu a Tambutu, ɗan Granada ne. Haka Hasan al-Wazzan da Turawa ke kira Leo Africanus, wanda ya rubuta labarin Kano da Katsina da Gobir a ƙarni na 16, a nan aka haife shi.

Abinci sai an buɗe ido, don naman alade ko'ina ne. Al'adar Granada in ka sayi abin sha, ko da lemo ne, za a kawo maka ɗan ƙaramin faranti kyauta, tapa suke cewa, amma ba kai ke zaɓa ba galibi, to tun kafin a kawo ka ce sin cerdo, sin jamón, wato ban da alade. Kifi pescado ne. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne kayan zaƙin Kirsimeti, mantecados da polvorones, da kitsen alade ake yawancinsu, duba bayan leda, in ka ga manteca de cerdo ajiye. A Janairu za ka ga ana tallan olla de San Antón, ita ma alade ce zalla. Mafi sauƙi ka nufi Calle Elvira da Calderería Nueva, jerin gidajen abincin 'yan Maroko da Siriya ne, shawarma, tajin, kuskus, miyar harira mai zafi, da shayin na'ana'a. Duk da haka ka tambaya ko halal ne. Lokacin cin abincinsu daban ne, na rana daga 2 zuwa 4, na dare sai wajen 9, ƙananan shaguna da yawa na rufewa da tsakar rana, ranar Lahadi kuma yawanci a rufe. Lemon da ka gani a itatuwan titi ɗaci ne da shi, bar shi. Ruwan famfo ana sha. Sallah, asuba sai wajen bakwai, alƙibla gabas ce da ɗan karkata kudu ba kamar gida ba, bar manhajar waya ta nuna maka.

In da rana ta uku, zaɓi ɗaya cikin biyu. Mai son taɓa ƙanƙara ya hau bas daga babbar tashar gari zuwa Pradollano, wurin wasan zamiya a Sierra Nevada, kamar sa'a ɗaya ne, ba sai ka iya wasan ba, hau keken igiya ka kalla ka sha shayi ka sauko. Sa baƙin gilashi, hasken na kashe ido, kuma ka riƙe lokacin bas na ƙarshe. Ƙololuwar duwatsun nan, Mulhacén, mita 3,479, sunan mahaifin Boabdil take ɗauke da shi. Mai son ƙarin tarihi kuma ya hau jirgin ƙasa zuwa Kordoba, kamar sa'a ɗaya da rabi, ya ga masallacin da Abdurrahman na ɗaya ya fara wajen 785. Yanzu coci ne, ba a barin a yi sallah a ciki, kada ka gwada, yi abarka kafin ka shiga. Ni dai da za a tambaye ni Kordoba zan ce.

Ranar komawa, in ta Malaga ne kama bas da zai sauke ka aƙalla sa'a uku kafin tashi. In ka yi sayayyar kirki ka ce shagon ya cika maka takardar mayar da haraji da fasfonka, a filin jirgi ka sa ta a na'urar DIVA kafin ka miƙa akwati, don ana iya cewa ka nuna kayan. Man zaitun in ka saya ya shiga babban akwati a naɗe cikin leda da suwaita, ba jakar hannu ba. Lambar gaggawa a duk ƙasar 112. Kuma ka duba adadin kwanakin da aka rubuta a bizarka tun ranar da ka karɓe ta, ba ranar ƙarewarta kawai ba, don wuce kwana ɗaya ma na iya ɓata maka nema na gaba.